Shirun da Mamanki Ta Yi Magana a Cikinsa

Samaru, Zariya
Talata da rana

Rifkatu, 'yata,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangiji. Ina roƙonsa ya tsare ki a hanya, ya sauke ki lafiya, ya haɗa ki da mutanen kirki a inda za ki. Na san za ki yi dariya ki ce wane irin uba ne zai rubuta wa 'yarsa wasiƙa alhali bango ɗaya ne tsakanin ɗakinsa da nata. To, irin babanki ne. Kin san bakina bai iya doguwar magana ba sai in a kan faifai ne. Yanzu haka kina kasuwar Sabon Gari kina sayen bokiti da gidan sauro, gobe da safe kuma motar kudu za ta ɗauke ki zuwa karatun kiɗan da kika kafe sai shi. Kafin ki dawo nake so in gama.

Tun ranar Lahadi ba ki ce mini komai ba in ban da "ina kwana" da "ga abinci." Na san dalili. Kin zo bakin ƙofar falo ina sauraron kiɗa, kika ce, "Baba, na ce ko," ni kuwa ban waiwayo ba, hannu kawai na ɗaga miki. Kika ɗan tsaya, kika juya kika tafi. Ba na so ki hau mota da sauran maganar nan a bakinki. Amma kafin in roƙe ki ki ƙarasa ta, ya kamata ki san abin da ya hana wuyana juyawa, kuma sai na faro miki daga nesa.

Kin tashi kin tarar da garmaho a gidan nan kamar yadda wasu yara ke tashi su tarar da turmi, ba ki taɓa tambayar daga ina ya zo ba. Wani Bature ne da na yi aiki a ƙarƙashinsa a ɗakin gwajin ƙasa na jami'a ya bar mini shi da zai koma garinsu, haɗe da kwalin faya-fayai. Ina jin nauyin kaya ne ya dame shi, ba ƙaunata ba. Da farko ban ji komai a cikinsu ba sai hayaniyar goge da ƙaho. Sai wata rana na sa wani faifan piyano, waƙar wani Bajamushe da ya mutu tun kakannin kakanninmu ba su zo duniya ba, waƙa ce mai tafiya a hankali kamar tsohuwa ta ɗauko tulu. Kin san wadda nake nufi, ita ce kike bugawa. Ranar ban ci tuwon rana ba. Mamanki ta leƙo ta saurara na ɗan lokaci ta ce, "Malam, wa ya mutu?" Daga nan ta raɗa masa suna kiɗan makoki, har ta bar duniya ba ta kira shi da wani suna ba.

Ba a daɗe ba na haɗu da Mista Ojo, mai buga abin kiɗan nan da ake kira ogan a wata majami'a a Sabon Gari, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa. Ke kin san shi da farin gashi da alewa a aljihu. Ni na san shi da taurin kai. A Sabon Gari aka haife shi, Hausarsa kuwa in yana bayan labule ba za ki ce Bayarabe ne ba. Shi ya fara nuna mini cewa waƙa ɗaya tana da fuskoki da yawa, gwargwadon hannun da ya buga ta. Muka mai da shi al'ada: kowace Lahadi bayan sujada, mako ɗaya a nan Samaru, mako ɗaya a benensa da ke saman shagon kayan mota, inda ƙarar injin niƙa ke shigowa ta taga. Ɗaya zai zauna ya ba garmaho baya, ɗayan ya ɗora faifai, mai zaman ya faɗi wanda yake bugawa ba tare da ya ga kwali ba. In ya yi kuskure, shi zai sayo tsire.

Waƙar nan kala uku muka daɗe muna kwatantawa. Akwai ta wani tsoho da aka ɗauka tun kafin babban yaƙin Turawa. Faifan yana ƙara kamar ana soya ƙosai a maƙwabta, tsohon kuma yana gunguni ƙasa-ƙasa yana bin hannunsa, wani wuri ma yatsansa ya zame ya taɓa abin da ba shi ba. Akwai ta wani ƙaƙƙarfan mutum da aka ɗauka a babban zaure cike da jama'a, mai dukan piyano kamar ya yi masa laifi. Daga baya, da faifan sidi ya shigo gari, Ojo ya samo ta wata matashiya, tas-tas, babu ƙura babu gunguni, kowane sauti a wanke a goge.

A tsakiyar waƙar akwai wurin da komai ke tsayawa cik. Kiɗan ya hau, ya hau, ya yi kamar zai yi tambaya, sai shiru, sa'an nan muryar farko ta dawo a hankali. A takarda alamar hutu ce kawai, amma ba a rubuta tsawonta ba, an bar wa mai bugawa. A nan muke gane su. Matashiyar ba ta jira, numfashi ɗaya ta wuce, kamar mai tsoron kada a ƙwace mata layi. Tsohon yakan riƙe shirun har ka fara zaton allura ce ta maƙale. Na zauren kuwa, a daidai wurin wani mutum a cikin jama'a ya yi tari. Duk lokacin da aka zo nan sai Ojo ya ce, "Sannu, baba." Mun yi shekaru muna dariyar wannan. Wata Lahadi sai ya ce mini, "Malam Ishaya, ka san mutumin nan ya daɗe da zama ƙasa? Shi da mai kiɗan da duk waɗanda suka tafa. Amma ga shi yana tari a Sabon Gari." Daga ranar ban ƙara yin dariyar ba. Na lura ashe duk Lahadi matattu muke tarawa a ɗaki, mu ba su baya, mu ce su yi mana wasa.

Kuskurena na farko a nan yake. Na koyi saurare domin in ci Ojo, ba domin in ji daɗi ba. Kunnena ya zama na mai neman aibu. Da aka ba ni riƙon mawaƙan majami'armu, sai na shiga auna matan Samaru da na Bomo, waɗanda suka wuni a gona da bakin murhu, da mawaƙan da ke cikin faifai. Na taɓa tsayar da waƙa a tsakiya na ce wa wata dattijuwa muryarta tana ja mana da baya. Ta ɗauki gyalenta, ba ta ƙara zuwa ba. A jana'izarta aka rera waƙar da na hana ta, na ji ramin da muryarta ta bari a gefen hagu. Ke ma ban bar ki ba. Kina ƙarama kina koyo a kibod ɗin coci, kin dawo da murna, na zaunar da ke na sa miki sidin matashiyar nan na ce, "Ji yadda ake yi." Na ga fuskarki ranar, na yi kamar ban gani ba.

Saboda haka in kin je can, za su sa ki kwatanta faifai da faifai, aikinku ne, ki yi shi da kyau. Amma ki bar kowanne ya kai ƙarshe kafin ki ɗauko na biyu. Ki fara tambayar kanki abin da mai bugawar yake so ya faɗa, kafin ki nemi inda yatsansa ya zame. Yau in aka ce in zaɓi ɗaya, tsohon nan mai kuskure da gunguni zan ɗauka. Kuma kada ki taɓa ɗora mai rai a sikeli ɗaya da faifai. Na faifai an yanke masa, an gyara masa, ya huta. Mai rai yanzu ya sauko daga acaba, wataƙila ko karyawa bai yi ba.

Kuskure na biyu ya fi wannan nauyi, kuma kin san rabinsa. Faifan tsohon na Ojo ne, ba nawa ba. Wata damina ya ara mini shi na mako ɗaya, na ce bari in kwafe shi a kaset. Ba ni da wayar da ake haɗa garmaho da rakoda, sai na yi yadda kowa ke yi a lokacin: na ajiye rakoda a kan kujera 'yar tsugunne a gaban sifika, na danna jan maɓalli, na ja kujerata na zauna ina fuskantar bango, ƙofa tana bayana. Abin da ban yi tunani ba shi ne, rakoda ba ta san bambancin kiɗa da ɗaki ba. Duk abin da ya motsa a falon nan ranar ta haɗiye shi.

Mamanki mace ce mai kiɗa, kada ki manta da wannan. Ita ke buga tulu a Zumuntar Mata, in ta ɗora tafin hannunta a bakin tulun nan har dattawan da ke gaba sai sun gyaɗa kai. Amma a kiɗan da ta sani, in an yi shiru to an gama. Ta zo bakin ƙofa tana da magana, ta ga ina ɗauka, ta tsaya tana jira saboda ladabi. Da tsohon ya kai wurin shirun nan nasa mai tsawo, ta ɗauka waƙa ta ƙare. Sai ta ce, "Malam, na ce ko." Ni kuwa ban ko juyo ba. Na ɗaga hannu, na ce, "Shhh." Piyano ya dawo. Da na gama na same ta a madafa tana tankaɗe, na ce mene ne, cikin fushi don ta ɓata mini kaset. Ta ce, "Ba komai, Malam. Ya wuce."

Bayan 'yan watanni ta kwanta. Da muka je asibiti likita ya duba ƙullin da ya fito mata a ƙirji, ya dube ni ya ce da mun zo da wuri. Wata ƙawarta ta Zumunta ta gaya mini daga baya cewa ta daɗe da sanin abin, tana ta cewa za ta faɗa wa Malam in ta sami fuska. Ban sani ba ko ranar ce ta zo faɗa. Mai yiwuwa kananzir ne ya ƙare, mai yiwuwa akuyar maƙwabta ce ta shiga lambu. Na tambayi kaina wannan har na gaji, kuma babu wanda zai ba ni amsa. Abin da na sani shi ne, a duk duniya babu inda muryar mamanki ta rage sai a kaset ɗin nan, kalma huɗu, kuma abin da ya biyo bayansu ni ne ina ce mata ta yi shiru.

'Yata, duk abin da yake cikin faifai zai jira ki. Ki ɗaga allura, ki mayar, tsohon zai sake farawa daga inda kike so, ba zai yi fushi ba. Wanda ya tsaya a bakin ƙofarki ba haka yake ba. In 'yar ɗakinku ta ce "na ce ko," ki cire abin kunne, ki juyo gaba ɗaya, ko da a tsakiyar abin da ya fi komai daɗi ne. Mutanenmu ba sa faɗin abu mai nauyi kai tsaye, sai sun ɗan taɓa ƙofa sun ga ko a buɗe take. In suka ji ta a rufe sai su ce ya wuce.

Na uku kuwa ban taɓa gaya wa kowa shi duka ba, ko Ojo. Bayan jana'iza na ajiye kaset ɗin a ƙasan akwati, na yi kusan shekara ban taɓa shi ba. Wata rana da la'asar, kina makaranta wajen wasanni, na ɗauko na sa. Na ji abubuwan da ban ji ba ranar da na ɗauka. Ruwan da ya rage a kan kwano yana ɗiga cikin bahon da ke ƙofar madafa. Wani yana kora shanu can ta hanyar Bomo. Sai ƙarar silifas, daga tsakar gida, tana matsowa, ta tsaya. Daga nan in ka kasa kunne sosai, a ƙarƙashin piyano, akwai numfashin mutum. Ta daɗe a tsaye, Rifkatu. Ta fi yadda nake zato daɗewa.

Na mayar, na sake ji. Kashegari ma haka. Ya zama da na dawo daga aiki, kafin in cire takalmi, sai na danna. Ke kuwa kina cin abincinki ke kaɗai a tsakar gida, kin koyi tafiya da sanɗa a gidan ubanki, kin koyi rufe ƙofa ba ƙara. Maƙwabta suna yabonki wai yarinya mai natsuwa. Ni na san inda natsuwar ta fito, kuma ba abin yabo ba ne a gare ni.

Kaset yana cinyewa in ana yawan sa shi, sai tsoro ya kama ni. Na sayi rakoda mai ƙofa biyu na kwafe shi a sabo, da wannan ya fara ja na sake kwafewa a wani. Kowane kwafi, piyano yana ƙara nutsewa, kamar ana buga shi a cikin rijiya. A ƙa'ida muryarta ma ya kamata ta dushe. Ba ta dushe ba. Kullum ƙara fitowa take yi, har ta zama kamar ba daga sifika take zuwa ba, daga bayana take zuwa, daga inda ƙofa take. Kuma silifas ɗin ya riƙa isowa da wuri. A kaset na fari sai an yi nisa da waƙa ake jinsa. A na ƙarshe, na rantse miki tun sautin farko numfashin yana nan. Na yi aikin gwaji shekara da shekaru, na san kunne yana ƙara wa mutum abin da zuciyarsa take nema. Na faɗa wa kaina haka sau da yawa. Amma akwai abu ɗaya da ba kunnena ne ya ƙirƙira ba, don na duba shi a kowane kwafi har da na asali: ana jin zuwanta, ba a jin tafiyarta. Bayan na ce "shhh," babu ƙarar silifas ko ɗaya har kaset ya ƙare.

Wata Lahadi a benen Ojo, rana tsaka, ana ta hayaniyar 'yan acaba a ƙasa, na zauna na ba na'ura baya kamar yadda muka saba. Ya sa waƙar. Aka zo wurin shirun, na ji ta sarai, "Malam, na ce ko." Na ce, "Wannan ai kaset ɗina ne, yaushe ka ɗauka?" Na juya na ga sidin matashiyar ne yake juyawa, wadda shirunta ko numfashi biyu bai kai ba. Ojo ya nuna aljihun rigata da yatsa ya ce, "Kaset ɗinka ga shi nan a ƙirjinka, tun da ka shigo nake ganinsa." Ya kashe na'urar, ya dube ni. Sa'an nan ya ce, "Malam Ishaya, yau ba tsire. Tashi ka tafi gida, akwai yarinya a can." Na tafi, amma ban ji maganarsa ba. Abin da na yi kawai shi ne na daina sa kaset ɗin in kina kusa. Daga ranar kuwa ko wane faifai na sa, na tsohon, na zauren, na matashiyar, in an zo wurin sai ta yi magana. Ko tarin mutumin nan bai rufe ta ba. Ban taɓa juyawa ba. Ina tsoron in juya in ga babu kowa, ina kuma tsoron in juya in ga akwai.

Ki ji ni da kyau a nan. Wanda ya tafi yana hannun Ubangiji, ba ya cikin kaset, ba ya bakin ƙofa. Na yi imani da wannan, ina faɗarsa a majami'a, amma na bar kunnena ya yi wa imanina gardama shekaru. In wani abu ya yi miki ciwo a can, kada ki kulle kanki da shi kina maimaitawa. Abin da ake mayarwa ana sake ji kullum, girma yake yi, yana cin wurin masu rai. Ki nemi majami'a tun makon farko, ki shiga cikin mawaƙa ko da ba su iya ba, musamman ma in ba su iya ba. Ki ci abinci tare da mutane. Kuma in kina tafiya a titi kada ki toshe kunnuwa biyu, direbobin can ba su san ki ba.

Akwai abin da ya shafi hannunki da ya kamata ki sani kafin malamanki su gano shi. Ranar Ista da kika buga waƙar nan a coci, kin zo wurin shirun kika ɗaga hannuwanki, kika riƙe. Kika riƙe har mutane suka fara gyara zama, wani yaro ya yi tafi ɗaya uwarsa ta kama hannunsa. Ojo ya raɗa mini, "Ta fi tsohon daɗewa." Ni kuwa na ji abin da kike yi. Kin bar wuri daidai na "Malam, na ce ko," kika kuma ƙara wani wurin a bayansa, wanda zai ishi mutum ya ƙarasa magana. Ban taɓa zaunar da ke na sa miki kaset ɗin ba. Ta bango kika sha shi, kina yarinya, kina kwance a ɗakinki. Malamanki za su ce shirun ya yi yawa, kuma a takarda suna da gaskiya. Ki bi su a jarrabawa. Amma ki san cewa ba kuskure ba ne, kuma a duk waɗanda na taɓa ji sun buga waƙar nan, matattu da masu rai, naki ne kaɗai ya yi abin da ya kamata a yi a wurin.

To, yanzu mun dawo ranar Lahadi. Hadari ya haɗu bai zubar ba, gari ya yi duhu-duhu da rana, an kawo wuta, na sa sidin matashiyar don in rage tunanin tafiyarki. Ina zaune a kujerar nan, ƙofa a bayana. Na ji silifas daga tsakar gida, yana matsowa, ya tsaya. Ban yi mamaki ba, na saba. Na ji numfashi. Kiɗan ya hau, ya tsaya, murya ta ce, "na ce ko." Rifkatu, muryarki ta zama tata, ban san yaushe ba. Ko "Baba" da kika ce ban rarrabe shi da "Malam" ba. Hannuna ya tashi da kansa, yadda ya tashi a wancan karon, kamar shi ma a kaset yake. Na ƙanƙame a kujera ina jiran piyano ya dawo ya rufe ta.

Sai na ji abin da ban taɓa ji ba a duk shekarun nan. Na ji silifas ya juya, yana tafiya, yana nisa, har ƙofar ɗakinki ta rufu a hankali yadda na koya miki rufewa. A nan na gane mai rai ce ta zo, domin ta cikin kaset ba ta tafiya. Ya kamata in tashi a guje in bi ki. Ban tashi ba. Da yamma da kika kawo abinci na ce, "Ɗazu kin zo?" Kika ce, "Ba komai, Baba. Ya wuce." Na rufe kwanon na ture shi gefe.

Ban san abin da kika zo faɗa ba. Wataƙila igiyar ɗaure katifa kike nema. Wataƙila tsoron tafiya ne, ko wani saurayi, ko wani abu a jikinki da kike jin nauyin faɗa wa namiji. Ko mene ne, ƙarami ko babba, ina so in ji shi da bakinki kafin mota ta tashi. In na mata ne kina jin kunya, ki ce mini haka kawai, in kai ki wurin gwaggonki a Unguwar Gabas yau ɗin nan, in jira a waje. Sau ɗaya aka ce mini ya wuce na yarda, kin ga inda ya kai mu.

Kaset na asali yana kan teburin falo. Muryar mamanki ce, kina da haƙƙi a kanta kamar ni, ko fiye. In kina so ki tafi da shi, in ba kya so ki bar shi. In kin ɗauka, kada ki ji shi ke kaɗai, kuma kada ki ji shi kullum. Sauran kwafin na zuba su a kwali zan kai wa Ojo ya yi yadda ya ga dama da su.

Ubangiji ya yi miki albarka, ya kiyaye ki daga mugun abokin tafiya da mugun ruwa da mugun ciwo. Ya ba ki malamai masu haƙuri da ƙawaye masu tsoron Allah. Ya buɗe kunnenki ga kiɗa, ya fi buɗe shi ga mutane. Ya dawo mini da ke lafiya lokacin hutu, cikin sunan Yesu, amin.

Ba zan sa takardar nan a cikin jakarki ba, don kada ya zama ba ki gan ta ba sai kun wuce Kaduna. A kan filonki zan ajiye ta. In kin gama karantawa ina falo. Na zare wayar garmaho da ta rakoda da ta na'urar sidi daga bango, na naɗe su. Kujerar nan kuma na juya ta, yau ƙofa take kallo, har ta bar alamar ƙafafunta a siminti inda ta daɗe. Tun ɗazu nake zaune a kanta ina rubutu, gidan shiru, kuma babu kowa a bakin ƙofar. Ke nake jira ki tsaya a wurin. Ki zo ki ce "na ce ko," ni kuma in ce ina jin ki.

Babanki,
Ishaya